Kapiten na Marina

A watan Yulin 2004, tsofaffin ɗaliban wata makarantar sojan ruwa ta Najeriya da ke zaune a Amurka suka sa ranar cin abincinsu na shekara a Greensboro. Sun fi mutum ɗari biyu. Kaɗan ne a cikinsu suka yi aikin soja bayan makaranta. Yawancinsu likitoci ne da injiniyoyi da masu sayar da inshora, amma ranar taro kowa yakan zo cikin farare kat, riga da wando, kamar yadda suke fita fareti suna yara. Matansu kuma farin leshi.

Sakataren ƙungiyar, Dokta Abdulhamid, malami ne a jami'ar da ke gabashin garin. Bai daɗe da zuwa ba, bai san kowa ba. Bayan sallar Juma'a ya tambayi wanda zai taimaka masa da ɗakin taro da abinci, aka ce ai ga naku nan, aka nuna masa Kapiten Issaka.

Issaka mutumin Maradi ne, yana da butik inda yake sayar da katin waya da garin rogo da busasshen kifi. Nijar ba ta da teku, kuma wannan bai taɓa hana shi barci ba. A makon da ya sauka Greensboro wani saurayi ɗan Yamai, mai Faransanci da yawa da Hausa kaɗan, ya tambaye shi aikin da yake yi a gida. Issaka ya faɗi gaskiya: shi marini ne, ya daɗe a marina. Kunnen saurayin ya kama kalmar da Faransawa ke kiran ma'aikacin jirgin ruwa da ita, ya miƙe ya sara masa, ya ce, "Mon kapiten." Aka yi dariya. Waɗanda suka yi dariyar suka koma Ohio da New York ɗaya bayan ɗaya, sababbi suka zo suka tarar da sunan babu dariyar. Yaran da aka haifa a nan suka ƙara masa ƙarfi, don a Turancinsu marina wurin ɗaure jirage ne. Issaka bai taɓa cewa ya hau jirgin ruwa ba. Bai kuma taɓa cewa bai hau ba. Ya dai sayi hoton wani jirgin yaƙi ya rataye a bayan kanta, in an tambaye shi sai ya dubi hoton ya yi ajiyar zuciya.

Mutum biyu suka rage da suka san tushen sunan. Akwai matarsa Tchima, akwai maƙwabcinsa Ousmane direban tasi, wanda ya san shi tun yana ɗiban ruwa da toka a bakin ramukan rini. A 'yan watannin nan Ousmane ya tsiro da wata ɗabi'a. In ya tarar da baƙi a butik sai ya tambayi Kapiten yaushe za su je ya koya masa iyo.

Dokta ya zo butik da yamma, ya yi bayanin abin da suke so: ɗaki mai faɗi, tebura da kujeru, abinci irin na gida.

"Bon, Dokta, wannan wasan yara ne," in ji Issaka. "Ka je ka yi koyarwarka."

"Za mu gode. Kuma muna da al'ada. Duk garin da muka je, wanda ya fi yi mana hidima, babbanmu yakan sa masa hular makaranta a gaban jama'a."

"Wace irin hula?"

"Fara, mai ankar jirgi a goshi. Kwamanda Shekari zai sa maka da hannunsa."

Issaka ya dubi hoton jirgin. Ya ga cewa in sojan ruwa na gaskiya ya ɗora masa wannan hular a gaban mutanen Nijar, bakin Ousmane ya mutu har abada.

"Irinta ce ta ɓace mini a hanya," ya ce.

A ranar ya tsara shirinsa. Ɗakin taron zai koma teku. Za a lulluɓe tebura da kujeru da shuɗin yadi, ta yadda in baƙi suka zauna cikin fararensu za su yi kama da kumfa a kan igiyar ruwa. Greensboro gari ne da ya shafe shekaru yana saƙa yadin jins, shuɗin yadi a nan ko a gwanjo ana samu. Tchima ta faɗa masa haka.

"Shuɗin kamfani daban, shuɗin teku daban," ya ce. "Da hannuna zan yi."

"Baban Dalila, a Maradi ma ba a bar ka ka haɗa ruwan rini ba."

"Hassada ce ta hana."

Ya sayo fararen zannuwan gado daga wani otal da aka rufe, ya kwashe duk kwalayen rinin da ya samu a kanti. Kwali ɗaya aka ce a zuba, ya zuba uku, a cikin injin wankin da duk mutanen gidan hayar suke amfani da shi. Wanda ya yi wanki bayansa Ousmane ne. Ya hawo bene riƙe da babbar rigarsa ta Juma'a a tsakanin yatsu biyu.

"Issaka, rigar nan fara ce da safe."

"Ka gode wa Allah. A gida sai ka biya a yi maka wannan."

"A gida wurin marini zan kai ta. Ka sa gishiri kuwa? An rubuta a jikin kwalin."

"Ni za a koya wa gishiri? Ka san mi ke cikin ruwan teku?"

"Na sani. Kai ne dai ban sani ba ko ka taɓa ɗanɗanawa."

Mai kula da gidan ya hana Issaka ɗakin wanki, aikin ya koma bahon wanka. Tchima ta yi wankan safe ta fito da ƙafafu shuɗaye har idon sawu, ta tafi masana'antar da take aiki da safa biyu-biyu cikin zafin Yuli. Hannuwan Issaka kuwa suka rine har gwiwa. Ya gwada sabulu, ya gwada lemon tsami, daga baya ya sayi farar safar hannu, ya ce da ma haka manyan hafsoshi suke fita.

"Ka ɗauraye zannuwan nan?" Tchima ta tambaya.

"Ɗauraya kashe launi take yi."

"To ka bari su bushe."

Ruwan sama bai bari sun bushe ba. Issaka ya ninke su da damshinsu, ya cusa a baƙaƙen ledoji, ya kulle a bayan mota. Ƙyallayen da suka rage ya yayyanka su, ya ce na goge baki ne.

Ranar Asabar ya ɗauki hayar zauren taro na wata unguwa a East Greensboro. Ya gayyaci duk wani ɗan Nijar da ya taɓa sayen katin waya a hannunsa, ya ce su zo su ga yadda ake girmama nasu. Babu kujerunsu, suka jeru a jikin bango cikin shaddodinsu masu launi, maza gefe, mata gefe. Ya ɗauko mai bidiyo. Ya jona manyan lasifika masu fitar da ƙarar igiyar ruwa, da fitila mai juyawa irin ta tashar jirage, da tukwanen ɗumama abinci, duk a soket ɗaya. Ɗakin ya yi kyau, wannan ko Ousmane bai musa ba. Wari kawai yake yi kamar an jiƙa tawada.

Da la'asar sakaliya, rana na nan da ƙarfinta, baƙi suka fara shigowa daga Houston da Atlanta da Maryland. A ƙarshe Kwamanda Shekari ya iso, gajeren dattijo mai sanƙo, mutumin kudancin Kaduna, ɗan ajin farko na makarantar, wanda ya yi ritaya bayan shekaru a teku. Matarsa Mama Salomi na gefensa cikin leshi mai nauyi. Issaka ya busa usur na alƙalin ƙwallo, ya buga ƙafa, ya sara.

Sojan ruwa in zai sara yakan kifa tafin hannunsa ƙasa. Ana cewa tun zamanin jiragen katako ne, lokacin da kwalta ke ɓata hannun ma'aikata, ba a so babba ya gani. Issaka, wanda ya fi kowa a ɗakin bukatar ɓoye tafin hannu, ya buɗe nasa gaba kamar jandarman Maradi. Kwamanda ya duba, ya ce da Dokta a hankali, "Sarawar Faransa ce."

"Ɗan Nijar ne, yallaɓai."

"Nijar." Kwamanda ya sake duban Issaka. "To, Allah mai iko."

Ana gama zama, wuta ta ɗauke. Igiyar ruwa ta yi shiru, fitila ta tsaya, abin da ke sanyaya ɗakin ya mutu. Dokta ya juyo wajen Issaka da sauri.

"Kyaftin, esi ya tsaya."

"Mi ne ne esi?"

"Na'urar sanyi."

"Kilim. Ka ce kilim. Ni na kashe. Ka taɓa ganin kilim a tsakiyar teku?"

Ɗakin da makunnin wutar yake a kulle ne, mai riƙe da makullin ya tafi kamun kifi, wayarsa ba ta shiga. Aka buɗe tagogi. Iskar da ta shigo ta fi ta ciki zafi.

Tsofaffin ɗaliban suna da doka tun ta makaranta, kuma suna riƙe da ita fiye da yadda suke riƙe da dokar likitocinsu: in an zauna cin abinci, ba mai tashi sai babba ya tashi, ba mai dariya sai babba ya yi. Babba kuma ba ya tashi sai an gama jawabai. Kowane aji yana da mai magana, kowane mai magana yana da labarin ranar da aka sa shi tsallen kwaɗo a cikin ruwan sama.

Aka kawo abinci. Mutanen da suka tuƙo mota tun daga Texas saboda an ce musu 'yan Nijar sun iya kilishi da gasasshen rago, aka ajiye musu ƙaguwa da jatan lande, sun huce. Mama Salomi ta juya tata ƙaguwar da cokali.

"Kyaftin, wannan ta mutu dai ko?"

"Mama, abincin ma'aikatan jirgi ke nan."

"Mijina ya yi aikin jirgi, tuwo yake ci."

A jikin bango wata Hajiya ta raɗa wa Tchima cewa ita ba ta san sojoji na cin gizo-gizo ba. Idon Tchima kuwa na kan ƙyallayen goge baki.

Zufa ta karyo. Wani likitan zuciya daga Atlanta ne ya fara ɗaukar ƙyallensa ya share goshi, ya bi da wuya. Na kusa da shi ya dube shi, ya buɗe baki, ya tuna cewa likitan ya girme shi da aji biyu, ya rufe, ya ɗauki nasa ƙyallen ya share fuska. Kafin mai jawabi na uku ya zauna, rabin ɗakin ya yi shuɗi daga gira zuwa haɓa. Kowa yana ganin fuskar maƙwabcinsa, kowa yana tausaya masa a zuci, ba wanda ya ga tasa. Kwamanda ya ɗauki ƙyalle ya goge sanƙonsa a natse, daga gaba zuwa ƙeya. Mutum ɗari biyu suka sunkuyar da kai kan ƙaguwarsu.

An zaunar da Issaka a babban tebur, dama da Kwamanda. Dattijon mutum ne mai ladabi, ya ga ya kamata ya ja mai masauki da hira.

"Kyaftin, Dokta ya ce ka daɗe a marina. Ta Legas?"

"Tamu ta girmi ta Legas, ranka ya daɗe."

"Kwatano ke nan?"

"Can ciki dai."

"Yaya zurfin ruwan?"

"Gaba uku, wani wurin huɗu. In mutum ya faɗa ya fito, uwarsa ma ba ta gane shi."

"Kun taɓa rasa wani?"

"Akuya dai."

"Akuya a jirgi?"

"Wucewa ta zo yi."

Ousmane, wanda ya ɗauki butar ruwan sanyi yana zagayawa da ita don ya samu dalilin matsowa, ya tsiyaya wa Kwamanda, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka tambaye shi launin ruwan."

"Ousmane, koma bango," in ji Issaka. "Maganar hafsoshi ake yi."

Mai jawabi na ƙarshe ya zauna. Dokta, wanda gashin bakinsa ya koma kalar sararin sama, ya ɗauko kwali ya buɗe, ya fito da hular. Fara ce tas, ankar goshinta tana ƙyalli. Ita kaɗai ce abin da bai taɓa tebur ba. Ya miƙa wa Kwamanda da hannu biyu. Mai bidiyo ya matso. Issaka ya gyara wuyan rigarsa, ya kalli wajen da Ousmane yake.

Kwamanda ya miƙe. Ɗakin gaba ɗaya ya miƙe tare da shi, aka ji ƙarar jiƙaƙƙen yadi yana rabuwa da jiƙaƙƙen yadi daga kowace kusurwa.

Mutanen bango ne suka fara gani, don su ne a baya. Kowane farin wando yana ɗauke da hoton kujerarsa, shuɗi sosai, da layukan jingina a gadon baya. Na masu jiki ya fi faɗi. Wata tsohuwa ta yi salati. Wani ya toshe baki da hularsa, bai yi nasara ba. Su dokar makaranta ba ta hau kansu ba, dariya ta bi bangon daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Tsofaffin ɗaliban suka shiga waiwaye. Mutum ba ya ganin bayansa, sai ga injiniyoyi da likitoci suna juyi a wuri ɗaya, kowa yana jan wandonsa gefe. Da ladabi ya karye, aka fara gaya wa juna gaskiyar fuska. Mama Salomi ta jawo bayan zanenta ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Shekari," ta ce, "leshin auren 'yarmu Rahila ne. Sau ɗaya na sa."

Issaka ya ɗaga hannu biyu. Zufa ta ratso safar, yatsun sun yi shuɗi.

"Jama'a, a kwantar da hankali. Cikin shiri ne. Na ce kowa ya koma gida da ɗan teku a jikinsa, don tunawa."

Kwamanda ya shafa kansa, ya dubi tafin hannunsa. Ya dubi tebur. Ya dubi Issaka.

"Cire safar nan."

Issaka ya cire ɗaya. Hannun ya fi kujerun shuɗi.

"A wane gari marinar taku take?"

"Maradi, ranka ya daɗe."

"Maradi ta Nijar."

"Ita."

"Mai ramuka."

"Arba'in da wani abu."

Kwamanda ya girma a gidan kawunsa a Zariya, ya san hanyar da ake bi da zane in ya koɗe. Ya ce, "Kai marini ne."

"Abin da na faɗa ke nan tun ranar da na sauka ƙasar nan," in ji Issaka. "A tambayi kowa. Na taɓa cewa na hau jirgi?"

"Hoton da ke butik fa?" wani ya tambaya daga bango.

"Ado ne. Kai da ka rataye hoton Makka, limami ne kai?"

"Ranka ya daɗe, kada a ɓata wa marina suna," in ji Ousmane. "Rinin marini ba ya zuba. Wannan ruwa yake ɗebo musu."

"Da toka," in ji Tchima. Ta faɗa ne a hankali, amma ɗakin ya yi shiru daidai lokacin.

Dokta ya matso kunnen Kwamanda. "Yallaɓai, hidimar dai ya yi. Ko a ba shi a gefe?"

"A gefe kuma?" in ji Issaka. "A gaban jama'a aka ce. Kai da bakinka, Dokta. Ɗaki na kawo, abinci na kawo, launi ma na kawo har ya yi yawa."

Ya tako gaban Kwamanda, ya haɗa dugadugansa, ya sunkuyar da kai daidai tsawon dattijon, ya rufe ido.

Kwamanda bai dube shi ba. Ƙofar fita yake kallo. Tana can ƙarshen zauren, kuma sai an ratsa tsakanin tebura, an wuce mutanen bango, an wuce mai bidiyo, wanda ya riga ya zagayo bayansa ya durƙusa. An buɗe ƙofar saboda zafi, kuma a filin waje wasu iyalai 'yan unguwa suna gasa nama, sun bar naman sun taru a bakin ƙofa suna leƙe. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Motarsa tana can tsallaken titi.

"Shekari, naka ya fi na kowa," in ji Mama Salomi. "Har da zanen ƙusar kujera."

Kwamanda ya juya hular a hannunsa, ya auna faɗinta da ido. Ya kai ta bayansa, ya kifa ta a kan shuɗin, ya riƙe da hannu biyu. Ya ɗaga haɓa, ya taka da ƙafar hagu kamar ranar fareti, ya nufi ƙofa. Tsofaffin ɗaliban suka bi shi aji-aji, wasu da faranti a baya, wasu da jakar matansu.

Issaka yana nan tsaye a gaban babban tebur, kai a sunkuye, ido a rufe.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "in ta yi kaɗan a ɗan danna."